Bututun gas da gonar talaka

Bututun gas na AKK, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a watan Yunin 2020 domin ya taso daga Ajaokuta zuwa Kano, tsawon kilomita 614, bai ratsa Birnin Kudu ko Gwaram ba, amma maganarsa ta shafe mu mazauna yankin. Mutanen da ke zaune a bakin hanyar Kano zuwa Maiduguri sun san fargabar tankar mai, kuma Jigawa ba ta manta da Majiya ba, inda gobarar tanka ta ci rayuka sama da 150 a Oktoban 2024. Saboda haka ina goyon bayan bututu maimakon tanka, amma da sharaɗi. Idan aka haƙa rami a gona, a ware ƙasar sama mai taki daban, a mayar da ita bayan an binne bututun, domin jar ƙasa ba ta ba da gero. Kada a bar rami buɗe damina ta same shi. Yara da dabbobi ne ke faɗawa. A kafa alamomi da Hausar boko da ajami, a biya manomi diyya kafin katafila ta shiga, a kuma zauna da dagatai tun ranar awo.