Kafin ka ja bulo a tsakiyar gareji

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, motoci da dama a cikin birnin Kano sun koma kayan ado, wasu kuma an sayar da su. Nan take gareji ya yi daraja. Daga Mandawari zuwa Yakasai za ka ga an raba shi biyu: gaba shagon kayan masarufi ko na POS, baya wurin ajiye babur da tarkacen gida. Ban ga laifin hakan ba. Abin da nake ja da shi shi ne gaggawar kiran magini da bulo da siminti.

Gidajen cikin ganuwa da yawansu na gado ne da ba a raba ba. Ranar da babban yaya ya gina katangar bulo ya zuba wa ɗansa kaya, ƙannensa mata da ke gidajen aurensu ba bango za su gani ba, iyaka za su gani. Ko bai yi niyyar mallakewa ba, ginin ya riga ya yi magana a madadinsa. In an zo rabon gado sai a tsaya lissafin wanda ya sayi siminti da wanda zai biya rushewa, zumunci na tsami a kan bulo ɗari. Bangon katako kuwa, a wuni ɗaya za a kwance shi, kowa ya ga fili kamar yadda marigayi ya bar shi.

Ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Da zana da asabari kakanninmu suka riƙa raba tsakar gida, in buƙata ta wuce a naɗe.

Aikin ba wuya, amma sai ka tsaya a kan kafinta, domin hannunsa ya fi sabawa da ƙusa. Ya haɗa katakon gida-gida daidai girman falanki, ƙafa 4 a faɗi, 8 a tsawo, kowane gida ya tsaya da kansa, sannan a ɗaure su da noti. Kada katakon ƙasa ya kwanta a kan daɓe. A ɗaga shi kaɗan saboda ruwan Agusta da ke kwararowa daga lungu, a kuma shafe shi da maganin gara. Katako na nan a Na'ibawa, wanda ya fi son ƙarfe ya nufi Ƙofar Ruwa ya nemi mai walda.

Masu cewa falanki ba ya tare ɓarawo suna da gaskiya. Mai kaya masu tsada ya ƙara masa kwano ta ɓangaren shago. Amma akwai abin da ya fi sata: kada a sa yaro ya kwana a baya alhali ana tayar da janareta ko babur a gaba. Gubar da ke cikin hayaƙin ba ta da wari, kuma duk kafar da ke tsakanin bango da rufi hanya ce gare ta.

In haya za a bayar, a rubuta a takarda gaban shaidu cewa bangon na wucin gadi ne, da sunan wanda zai kwashe katakon ranar da wa'adi ya cika.