Faɗakarwa Ta Wannan Wata: A Kan Hankali da Ciwonsa

 

Ku sani, ya 'yan'uwa, malamai sun ƙidaya abu biyar da shari'a ta zo domin tsaronsu: addini, da rai, da hankali, da nasaba, da dukiya. Hankali shi ne sharaɗin taklifi, wanda ya gushe masa ba a binsa bashin salla. To wanda shari'a ta ɗauke wa nauyi, don me mu za mu ɗora masa mari da bulala?

Wani malami na ƙasar Balhu, Abu Zaidi, wanda ya rasu a 934, ya yi littafi a kan maslahar jiki da rai. Ya kasa cututtukan rai huɗu: fushi, da tsoro, da baƙin ciki, da waswasi. Baƙin ciki kuwa ya raba shi biyu. Akwai mai sanadi sananne, kamar rashin ɗa ko asarar dukiya, maganinsa magana mai daɗi da tunatarwa. Akwai wanda ke sauka babu sanadi, ya danne mutum, ya hana shi aiki da jin daɗin kome. Wannan asalinsa a jiki yake, yana bukatar maganin likita. Ya kuma yi wasiyya mutum ya tanadi tunani nagari tun yana lafiya, kamar yadda ake ajiye magani a ɗaka kafin ciwo.

A wannan ƙasa ma, Likita Tijjani Almahi, mutumin Kawa, ya buɗe ɗakin maganin ciwon ƙwaƙwalwa a Hartum Bahari a 1949. Bai raina shaihunai ba, ya nemi a haɗa hannu da su. Saboda haka babu gāba tsakanin allo da asibiti.

Kakanninmu sun baro gida bayan Burmi a 1903, sun san zafin hijira. Yaƙin da ya tashi a Hartum a 2023 ya sake watsa 'ya'yanmu. Cikin waɗanda suka tsira akwai mai firgita in an buga ƙofa, da mai mafarkin abin da ya gani, da yaron da ya koma fitsarin kwance. Wannan rauni ne, ba ƙarancin imani ba ne.

To ga abin da za a yi. Kadan mutum ya yi mako biyu ba barcin kirki, ba cin abinci, ba son shiga mutane, a kai shi ga likita, ana yi masa addu'a. Kadan ya ambaci halaka kansa, kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da wuƙa da guba. Mai jego da ta ƙi jaririnta, a tausaya mata, kada a zage ta. Mai farfaɗiya, ciwonsa na ƙwaƙwalwa ne, ba a ɗaukarsa: a kwantar da shi ta gefe, kada a sa masa kome a baki. A tsare samari daga ƙwaya. Wanda aka ba magani, kada ya yanke shi sai da izinin likita.

Wanda ya karanta, ya karanta wa matan gida, sa'an nan ya miƙa wa maƙwabci ya kwafa. Allah ya bar mu da hankalinmu har ƙarshen rayuwa. Tamat.