A Bar Takobi Yadda Yake, A Kai Sikeli Wurin Yara

A 'yan shekarun nan, ƙarshen Disamba lokacin kokawa ne a Nijar. Jihohi takwas, wato Agadas, Difa, Doso, Maraɗi, Yamai, Tawa, Tilaberi da Damagaram, kowace kan zaɓo ƙarti goma, su tamanin ke nan, a haɗu a gari ɗaya a yi kwana goma ana gwabzawa. Tela ya ajiye almakashi, mai shayi ya ƙure muryar rediyo, ma'aikaci ya sulale daga ofis tun kafin la'asar. A fage kuwa rairayi ne shimfiɗe, makaɗa a gefe, 'yan cali-cali suna kwaikwayon tafiyar zakaru suna ba mutane dariya. Ɗan kokawa ya fito daga shi sai ɗan wando da guraye, ya duƙa ya ɗebi ƙasa ya murza a tafin hannu, abokin karonsa ma ya yi haka. Wani siriri ne kamar a busa ya faɗi, wani kuwa cinyarsa ɗaya ta kai ƙugun ɗan'uwansa. Ba a raba su aji-aji bisa nauyi. Wanda ya kai rana ta ƙarshe ba a kayar da shi ba, shi ne sarki, shi ke ɗaukar takobi.

Gasar ta samo asali ne tun 1975, lokacin da gwamnatin Seini Kunce ta shirya gasar farko a Tawa, Yakuba Kantu na Maraɗi ya lashe. Yau filin kokawar Maraɗi sunan Kantu yake ɗauke da shi, na Doso sunan Salma Ɗan Rani, na Damagaram sunan Langa-Langa. A ƙarshen 2023 a Agadas, Kadri Abdu na Doso, wanda duniya ta fi sani da Isaka Isaka, ya ɗauki takobinsa na shida.

To amma akwai masu ganin wannan tsari ya tsufa. Hujjarsu ba ta banza ba ce. A gasar kokawar ƙasashen ECOWAS, wadda aka sha yi a Yamai da Dakar kafin a kawo ta Abuja a watan Maris na 2025, kowace ƙasa mutum biyar take tsayarwa, a ajin kilo 66, da 76, da 86, da 100, da 120. A wasannin Olamfik, kokawar maza ta sake tana da aji shida, daga kilo 57 zuwa 125. Idan duniya ta koma kan sikeli, in ji su, me zai sa a ci gaba da haɗa mai kilo saba'in da mai kilo ɗari da goma a ce wai gasa ce?

Suna da rabin gaskiya, sai dai sun ɗora ta a inda ba nan take ba. Takobi ba ya bukatar sikeli. Inda ake bukatarsa shi ne ƙasa da takobi, a gasannin unguwa da na ƙananan hukumomi da na makarantu, musamman a arewacin Najeriya, inda babu takobin kuma babu sikelin.

Dalilin farko na barin takobi a buɗe yana cikin dokar kaye ita kanta. A kokawar katifa ta zamani, faɗuwa ba ta ƙare wasa; ana ci gaba a ƙasa, ana tara maki, mai nauyi ya danne mai rauni har lokaci ya cika. Can kilo goma babban bambanci ne. A kokawar gargajiya kuwa kaye ɗaya ne tak. Ƙato ya saki jiki na daƙiƙa guda, ƙaramin ya shige ƙarƙashinsa ya sure ƙafa ko ya sa masa taɗiya, shi ke nan, fili ya ɗauki sowa, ba ɗaukaka ƙara. Dokar da ke ƙare wasa da kuskure ɗaya ita ce ke bai wa dabara daraja daidai da ƙarfi, kuma ranar da ƙaramin ya yi sa'a, wannan kayen ne za a yi shekaru ana labarinsa a majalisa. Wanda ya raba gasar gida biyar ya kashe wannan labarin da hannunsa.

Ba Nijar kaɗai ta gane haka ba. Kokawar sumo ta Japan, wadda ake zuba mata kuɗin da kokawarmu ba ta taɓa mafarki ba, har yau ba ta da ajin nauyi a matakin ƙwararru. Matakai shida gare ta, amma da nasara ake hawa, da faɗuwa ake sauka. A 1991 wani ɗan sumo mai suna Mainoumi, wanda nauyinsa bai wuce kilo ɗari ba, ya kayar da Akebono mai kimanin kilo ɗari biyu, kuma Japanawa ba su daina maimaita hoton ba. A Mongoliya, a bikin Naadam na watan Yuli, mutum 512 kan shiga fili ba tare da an auna kowa ba, a yi zagaye tara a fitar da gwani ɗaya. Ko a gasar ADCC, wadda Shaihu Tahnun bin Zayed na Abu Dabi ya kafa a 1998 don masu kokawar shaƙa da murɗe gaɓa, akwai azuzuwan nauyi, amma kambin da kowa ke kwaɗayi shi ne na buɗaɗɗen aji. A 2019 wani ɗan Ostireliya, Lachlan Giles, da ya zo a ajin kilo 77, ya shiga buɗaɗɗen ajin ya sa manyan ƙarti uku suka sallama da murɗar diddige, ya tafi da tagulla. Mutane da yawa sun manta wanda ya ci azuzuwan nauyi a shekarar, ba su manta Giles ba.

Sai dai a faɗi gaskiya: irin wannan kaye yana da daɗin labari ne saboda ba kullum yake faruwa ba. Galibi mai jiki ne ke yin sama. Japanawa da kansu sun ɗanɗana wannan a gidansu a Olamfik ɗin Tokiyo na 1964, lokacin da Anton Geesink, wani dogon Baholande mai kusan mita biyu, ya danne Akio Kaminaga a buɗaɗɗen ajin judo, wasan da su suka ƙirƙira suna cewa dabara ta fi ƙarfi. Bayan 1984 aka cire ajin daga Olamfik gaba ɗaya. Ma'anar wannan ga ƙasar Hausa a fili take. Saurayi mai kilo sittin da biyar, komai iyawarsa, zai iya shafe ƙuruciyarsa a fage yana burge mutane ba tare da ya taɓa riƙe wani kambi ba, domin kambin ɗaya ne kuma yana hannun manya. Da yawa irinsu kan gaji su koma acaba ko ci-rani. Ajin nauyi a ƙasa da takobi shi ne zai ba su abin da za su ce nasu ne.

Masu cewa rabon aji baƙon abu ne su tuna yadda kokawar kaka take a ƙauye. Bayan an kai amfani gida, ana share fili da yamma ko da farin wata. Yara ne ke fara buɗe fage, sai samari, sai manyan ƙarti in dare ya yi. Idan wani ya fito ya miƙa wa wanda ya fi ƙarfinsa hannu, wani dattijo zai tashi ya ja shi gefe ya ce, "Kai yaro, wannan ba sa'anka ba ne, koma ka zauna." Ba wanda zai yi musu, domin dattijon ya san ranar sunan kowannensu, ya san wanda ya yi jinya da damina, ya san wanda aka yi wa aure bana. Idon dattijo shi ne sikelin, kuma ya fi na asibiti gani.

Wannan idon ne ya ɓace. Yau gasar ta koma filin ƙwallo a cikin gari, ɗan siyasa ya sa babur ko kujerar Makka, 'yan kokawa su zo a mota daga garuruwa biyar ba wanda ya san wani. Mai shirya gasa kuɗin ƙofa yake dubawa. A irin wannan wuri ne ake ganin ɗan shekara goma sha biyar, wanda ƙashinsa bai gama ƙwari ba, an haɗa shi da magidanci mai 'ya'ya uku don kawai tsayinsu ya zo ɗaya. Idan aka ɗaga shi sama aka maka da ƙasa, ƙasar ma sau da yawa ba rairayi ba ce, tsandauri ne da aka yayyafa wa ruwa. Ƙashin wuya ko kafaɗa ya tafi, a kai shi wurin mai ɗori, a ce ƙaddara ce, a ci gaba da kiɗa.

Masu jiu-jitsu na Burazil suna da tsarin da ya kamata a leƙa. Kafin a haɗa mutum biyu, sai an duba abu uku: launin ɗamararsa, wanda ke nuna daɗewarsa da iyawarsa, da shekarunsa, da nauyinsa. Sabon shiga minti biyar yake yi, mai baƙar ɗamara minti goma, kuma akwai kamun da aka haramta wa yara da sababbi sai sun ƙware. Bayan an gama wannan duka sai a buɗe aji na kowane nauyi ga masu ɗamara iri ɗaya. Kokawar Hausa ba ta bukatar ɗamara mai launi, amma tana iya ɗaukar jerin: shekaru da farko, nauyi na biyu, fagen manya a ƙarshe. Matsalar takardar haihuwa gaskiya ce, kowa ya san yadda shekaru ke raguwa a wasannin matasa. Ita ce ma ta sa sikeli ya zama dole, don ana iya sayen takarda amma ba a iya ɓoye kilo ashirin.

Sikelin kansa yana da nasa sharrin, kuma gara a san shi tun kafin a sayo. Da zarar an ja layi a kilo 66, mai kilo 71 zai fara neman hanyar matse kansa ya shiga. A Amurka, a ƙarshen 1997, ɗaliban jami'a uku 'yan kokawa suka mutu cikin makonni kaɗan suna ƙoƙarin rage nauyi, suna motsa jiki cikin zafi ba ci ba sha. Sai bayan haka hukumar wasannin jami'o'in ta hana rigunan roba da ɗakunan gumi, ta matso da awo kusa da lokacin wasa. A Olamfik ɗin Paris na 2024, Vinesh Phogat ta Indiya ta kai wasan ƙarshe a ajin kilo 50, bayan ta kayar da Yui Susaki ta Japan mai riƙe da kambi. Ta kwana tana fama da jikinta, da safe aka auna ta aka ga ta haura da giram ɗari. Aka soke ta, ko azurfar ba ta samu ba, kotun wasanni ma ta ƙi ƙararta. Wannan a inda likitoci ke tsaye ke nan. A Sakkwato ko Birnin Ƙonni, inda zafin Afrilu ke wuce digiri arba'in, yaron da ya ƙi shan ruwa kwana biyu don ya shiga aji yana wasa da ƙodarsa ne. Maganin ba shi da tsada: a auna da safiyar ranar wasa, a bar tazara mai faɗi tsakanin azuzuwa, wanda ya haura a matsar da shi aji na gaba maimakon a kore shi. Idan ba kora, ba dalilin yunwa.

Sauran dokokin ba su da wuyar rubutawa, rashin rubuta su ne ke jawo jifa da kujeru. Wane sashe na jiki ne in ya taɓa ƙasa an yi kaye? Minti nawa ne turmi, kuma in lokaci ya cika ba kaye, canjaras ne ko wanda ya fi tara gargaɗi ne ya faɗi? Laya da guru ba wanda zai raba ɗan kokawa da su, kuma ba a ce a raba ba, amma ƙarfe ko abin da zai yanki mutum, da mai da ake shafawa don jiki ya yi santsi, alƙali ya duba su kafin a haɗa ƙirji. Duk wannan bai wuce shafi ɗaya da Hausa ba, sanƙira ya karanta da lasifika kafin a buga ganga, kuma alƙalin kada ya fito daga garin ɗaya daga cikin masu karawa.

Najeriya tana da shaidar abin da tsani ke haifarwa. Jihar Bayelsa ta riƙe kokawar gargajiyarta ta kuma gina ta zamani a kanta. Daga can Daniel Igali ya fito, wanda ya ci wa Kanada zinare a Olamfik na 2000 kafin ya dawo ya shugabanci hukumar kokawar Najeriya, daga can kuma Blessing Oborududu ta fito, wadda ta kawo azurfa a ajin kilo 68 daga Tokiyo a 2021, lambar Olamfik ta farko da ƙasar ta samu a kokawa. Kebbi da Sakkwato da Zamfara da Katsina ba su rasa ƙarti ba. Abin da suka rasa shi ne hanyar da yaro zai bi daga dandalin ƙauye zuwa gasar jiha, yana karawa da sa'anninsa a kowane mataki, sunansa da nauyinsa a rubuce.

Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025, wanda hakan ya taɓa babban fagen da masu ƙaramin jiki na ƙasar ke samun lambar kansu. Amma tsakanin Maraɗi da Katsina, ko Doso da Birnin Kebbi, tafiyar 'yan sa'o'i ce, kuma 'yan kokawar ɓangarorin biyu sun saba tsallaka iyaka tun kafin a kafa ƙungiyar. Gwamnonin da ke kashe miliyoyi a bukukuwan al'adu za su iya haɗa gasa ɗaya a shekara bayan kaka: ranar farko ta yara 'yan ƙasa da sha takwas, rana ta biyu ta azuzuwa biyar ɗin da aka riga aka sani, rana ta uku a ɗauke sikeli a bar zakarun azuzuwan su nemi juna. Kayan aikin su ne tifa biyu na rairayi, da sikeli mai kyau guda ɗaya, da ma'aikacin lafiya da motarsa a bakin fili.