Masu Raina Tsaron Gida a Ƙwallo, Ku Zo Mu Yi Lissafi

'Yan'uwa ɗalibai, akwai wata magana da ta zama tamkar karatun hadda a bakin da yawa daga cikinmu, musamman waɗanda zaman Turai ya sa suka zama malaman tamaula dare ɗaya. Wai ƙwallo ta gaskiya ita ce ta kai hari, kocin da ya ja 'yan wasansa baya ya tsare gida kuwa matsoraci ne, mai ɓata wasa. Da ka ambaci José Mourinho ko Diego Simeone sai a yatsine fuska, da ka ce Pep Guardiola sai a gyara zama kamar an ambaci waliyyi. Ni dai ban yarda da wannan karatu ba, kuma ina da dalilaina.

Mu fara da wasan da ake yawan kafa hujja da shi, na Inter Milan da Barcelona a zagayen kusa da na ƙarshe na gasar zakarun Turai a 2010. Masu sukar Mourinho suna tuna wasa na biyu kawai, wanda aka yi a Camp Nou, inda Inter ta tare a bakin ragarta. Abin da suke mantawa da gangan shi ne a wasan farko a San Siro, Inter ɗin nan ta zura wa Barcelona ƙwallo 3, ita kuma ta ci 1. A wasa na biyu an ba Thiago Motta jan kati tun kafin a cika minti 30. To don Allah mai karatu, kai ne koci, kana gaba da ƙwallo biyu, 'yan wasanka goma, a gidan mutane, gabanka ga Messi ga Xavi. Me za ka yi? Ka buɗe gida don 'yan kallo su ji daɗi? Inter ta yi sama da awa ɗaya tana toshe kowace kafa, ƙwallo ɗaya tak Piqué ya samu ya ci ana dab da tashi. Daga nan ta wuce Madrid ta doke Bayern Munich da ci 2 da nema ta ɗauki kofi. Mutum goma su riƙe layi na tsawon wannan lokaci, kowa ya san inda zai tsaya da lokacin da zai matsa, babu wanda hankalinsa ya tafi ko na daƙiƙa biyar, wannan aiki ne na horo da ilimi. Wanda ya ce sauƙi gare shi, ya tara abokansa ranar Asabar ya gwada.

Abin dariya ma, Mourinho ne da kansa ya yaɗa maganar nan ta ajiye motar bas a bakin raga, a 2004, lokacin da yake ƙorafi kan Tottenham bayan sun yi canjaras babu ci da Chelsea. Daga baya maganar ta dawo ta manne masa. A wannan kakar Chelsea ta ɗauki kofin Firimiya da maki 95, ƙwallo 15 kacal aka zura mata a wasa 38.

Sai kuma abin da masoya Guardiola ba sa son a faɗa: gwaninsu ma mai tsaron gida ne, hanyarsa ce kawai ta bambanta. Idan ƙwallo tana ƙafarka, abokin karawa ba shi da abin da zai ci ka da shi, idan kuma ta kuɓuce, nan take a yi masa taron dangi a ƙwace. A duk kakanni huɗu da ya yi yana horar da Barcelona, daga 2008 zuwa 2012, golansa Víctor Valdés ne ya karɓi kyautar golan da aka fi ƙarancin zura wa ƙwallo a La Liga. Ƙasar Sifen da ta ci kofin duniya a 2010 da wannan salo na ba-ni-in-ba-ka, ƙwallo 8 ta ci a wasa 7, kuma wasanninta huɗu na sili-ɗaya-ƙwale duk 1 da nema ta tashi. Da Italiya ce ta yi haka, da har yau ana zaginta.

Ana yawan yi mana kukan Brazil ta 1982, ta Telê Santana, mai Zico da Sócrates da Falcão. Babu musu, sun taka leda mai daɗin kallo. Amma a wasansu da Italiya kunnen doki kawai suke buƙata su wuce. Sau biyu suna farkewa, ci ya koma 2 da 2, maimakon su rufe ƙofa sai suka bari Paolo Rossi ya ci ta uku. Italiya ta Enzo Bearzot ta wuce har ta ɗauki kofin. Hausawa sun ce iya ruwa fidda kai.

Inda maganar ta fi damuna shi ne batun kuɗi. Salon riƙe ƙwallo da kai hari ba ƙaƙƙautawa yana buƙatar 'yan wasan da ƙungiyoyi ƙalilan ne a duniya ke iya saye ko rainonsu. Idan aka ce wannan kaɗai ne ƙwallo, to an ce wa mai ƙaramin ƙarfi ya zo ya buɗe ƙirji attajiri ya yi masa dukan kawo wuƙa, sannan a tafa masa don ya sha kashi cikin ladabi. Girka ta Otto Rehhagel ta ƙi wannan tayin a 2004: ta fitar da Faransa, ta fitar da Czech, ta doke Fotugal mai masauki a wasan ƙarshe, duk da ci 1 da nema. Simeone ya ƙi shi, ya ƙwace La Liga daga hannun Real Madrid da Barcelona a 2014, ya kuma maimaita a 2021.

Mu 'yan Afirka ya kamata mu fi kowa fahimtar wannan. Ƙasar Afirka ta farko da ta kai zagayen kusa da na ƙarshe a kofin duniya ita ce Maroko, a Ƙatar a 2022, ƙarƙashin Walid Regragui. Kafin Faransa ta cire su, ƙwallo ɗaya ce kawai ta shiga ragarsu, ita ma ɗan wasansu ne ya ci gida a wasa da Kanada. Sifen ta yi musu ba-ni-in-ba-ka sama da sau dubu, ta tashi hannu rabbana, aka fitar da ita a bugun fenareti. A ranar babu ɗalibin Afirka da na ji yana cewa an ɓata wasa. Kowa murna yake, har da waɗanda suka kwana suna zagin Mourinho.

Ba ina cewa duk wanda ya koma baya gwani ne ba. Akwai kocin da ke tara mutum goma a raga saboda ba shi da wata dabara, ya samu ƙwallo ma bai san inda zai kai ta ba, wannan kam kallonsa azaba ne. Su Helenio Herrera da suka ɗaukaka salon nan na Italiya da ake kira katanaciyo, suka ci kofin Turai da Inter a 1964 da 1965, suna da Facchetti, ɗan baya mai hawa gaba ya ci ƙwallo, suna da Mazzola mai jiran harin ramuwa. Tsaron yana da manufa.

Ga waɗanda suka fito daga Nijeriya kuwa, ai mun ga illar rashin iya rufe wasa da idonmu. A 1994 a Amurka, Super Eagles ta Clemens Westerhof tana gaban Italiya da ƙwallon Amunike, an kuma kori Zola, Italiya ta koma mutum goma. Saura minti biyu a tashi Roberto Baggio ya farke, a ƙarin lokaci ya ƙara da fenareti. Da a ce an riƙe waɗannan mintuna biyu, ko da kuwa da bas goma ne a bakin raga, da Nijeriya ce za ta kara da Sifen a zagayen kwata fainal a zuwanta kofin duniya na farko.