Ra'ayinmu: Sai An Tara Da Yawa Kafin A Tankaɗe

Duk wanda ya taɓa zama a shagon tela a Aboabo ko Asawase ko Sabon Zango ana saura mako uku Sallah, ya san yadda abin yake. Keken ɗinki ba ya hutawa dare da rana, ga 'yan kasuwa suna isowa daga Bawku da Paga da Aflao, kowa da odarsa ta kaftani da babbar riga, kuma akasari maganarsu ɗaya ce: a yi mini irin na bara, shi ne ya tafi. A ganinmu wannan magana, duk da cewa ta yi kama da taka-tsantsan, ita ce ke shaƙe sana'ar ɗinki da surfani a Zangon Kumasi sannu a hankali.

Dalili kuwa shi ne, kowane sabon abu da hannu ke ƙerawa yana buƙatar lokaci iri biyu. Akwai lokacin tarawa, inda mai sana'a zai zana wuyan riga goma ko ashirin a takarda, mai kyau da maras kyau, ba tare da wani ya tsaya a kansa yana cewa wannan ba zai sayu ba. Akwai kuma lokacin tankaɗe, inda za a baje su a zubar da mafi yawa, a riƙe biyu ko uku. Daga nan sai a koma tarawa a kan waɗanda aka riƙe, a sauya zare, a rage nan a ƙara can, a sake tankaɗewa. Idan aka gwama lokutan biyu, tsoron kuskure zai hana hannu motsi. Wani ɗan Amurka masanin tallace-tallace, Alex Osborn, ya yi wannan bayani a littafinsa na 1953, inda ya ba da shawarar a jinkirta suka har sai an gama kawo dabaru. Matanmu ba su jira shi ba: babu wadda ke tankaɗe kafin ta daka.

Kasuwar atamfa ta isa misali. Kamfanin Vlisco da ke garin Helmond a ƙasar Holan, wanda aka kafa a 1846, da GTP na Tema da aka kafa a 1966, da masaƙar Akosombo ta 1967, duk suna da masu zane da aikinsu shi ne fito da sababbin zane-zane. Amma ba su ke yanke hukuncin ƙarshe ba. 'Yan kasuwa ne rariya. A birnin Lome, manyan matan nan da aka yi wa laƙabi da Nana Benz sun yi tashe a shekarun 1960 zuwa 1980 saboda sun iya duban zane su san wanda zai shiga, har sukan karɓi wani zanen ya zama su kaɗai ke sayar da shi. A nan Kumasi ma, mata ne a kasuwa ke raɗa wa atamfa suna da Asantanci, kamar wadda sunanta ke nufin kuɗi na da fukafukai, kuma zanen da ya sami suna shi ke daɗewa. Wancan ɓangare na tarawa, wannan na zaɓe, abin da aka zaɓa kuma ya koma ya zama darasi ga mai zane.

Mun kuma ga abin da ke faruwa idan ɓangare ɗaya ya mutu. Lokacin da atamfar kwaikwayo mai araha ta cika kan iyakokinmu, wadda ake satar zanen da ya riga ya yi kasuwa a buga shi a waje, sai wahalar gwaji ta zama ta wani, riba ta zama ta wani. Masaƙun Ghana da suka ɗauki ma'aikata kimanin 25,000 a 1977 sun koma ƙasa da 3,000 a 2005. Ba satar zane kaɗai ta jawo haka ba, akwai tsadar aiki da buɗe ƙofar shigo da kaya, amma tana cikin manyan dalilai, shi ya sa Ma'aikatar Ciniki da Masana'antu ta kafa kwamitin kama irin waɗannan kaya a 2010. Kasuwar da kowa ke zaɓe babu mai tarawa, wata rana za a wayi gari babu abin zaɓa.

Ba mu manta da uzurin ɗan kasuwa ba. Jarinsa ƙarami ne, ga kuɗin mota, ga na kwastan, ga canjin sidi da sefa da ba ya tsayawa wuri ɗaya, kuma rigar da ta yi kwantai shi ta kwanta wa. Babu mai cewa ya zuba jarinsa duka a kan abin da bai sani ba. Sai dai shi ma ya tuna cewa ɗinkin bara da yake nema, wani ne ya gwada shi lokacin da babu wanda ya san zai tafi.

Don haka muna kira ga masu sari da su riƙa ware kaɗan daga kowace oda, ko da riga biyar cikin hamsin, ga sabon ɗinki, su kai shi kan iyaka, sannan su dawo su faɗa wa tela gaskiyar abin da masu saye suka ce. Wannan labari ya fi yabo amfani. Su kuma teloli da masu surfani, su yi amfani da watannin da aiki ya yi sauƙi wajen zane da gwaji a kan ƙyallaye, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Masu shaguna su bar yaransu su zana abin da ya zo musu, a ajiye suka sai ranar da aka tsayar don zaɓe, kuma a ranar kada a ji kunyar zubar da zanen maigida idan na yaro ya fi shi. Ƙungiyoyin teloli na Zango kuma za su iya shirya ɗan baje koli kafin azumi, su gayyaci 'yan kasuwa su zaɓa da kansu.

Sai an gwada akan san na ƙwarai. Allah Ya sa albarka a kasuwa, Ya kuma ba mu haƙurin gwaji da idon zaɓe.