Sharhi: Inda Masu Zuwa Wata Suka Koyi Karanta Dutse



Kusan duk mutanen da Amurka ta zaɓa don zuwa duniyar wata a shekarun 1960 matuƙa jiragen yaƙi ne. Sun ƙware a inji, amma dutse a wurinsu dutse ne kawai, ga shi kuwa abin da aka aike su ɗebowa ke nan. Shi ya sa masana irin su Eugene Shoemaker suka dage cewa sai an fitar da su daga aji an kai su fili.

An kai su ramin da wani dutsen sama ya haƙa a Arizona, mai faɗin kilomita 1.2. An kai su ƙasar Iceland a 1965 da 1967, inda aman wuta ya bar baƙar ƙasa, babu ko tsiro. Da abin bai isa ba, a 1967 sai aka ɗauko nakiya aka fasa ramuka a wani fili kusa da garin Flagstaff, ana kwaikwayon hoton wani yanki na wata, rami da rami.

Wani zai ce ɓarnar kuɗi ce. To a duba abin da ya faru a 1971. David Scott da James Irwin na kumbon Apollo 15 sun sha yawon tsaunuka tare da malaminsu Lee Silver, yana sa su bayyana duk abin da ido ya gani, dalla-dalla, har ya zame musu jiki. Da suka sauka a wata, suka hango wani farin dutse yana ƙyalli, nan take suka gane irinsa. Bincike ya nuna ya kai shekara biliyan 4. Shi Scott ɗin ma har ƙaryar gyara bel ɗin kujera ya yi wa masu ba shi umarni daga ƙasa, don ya tsaya ya tsinci wani dutse mai huji-huji da ya ɗauki hankalinsa. Wanda bai sha rana a fili ba ai wucewa zai yi abinsa.

Har yau ba a daina ba. Tun 2016 hukumar sararin samaniya ta Turai ke kai 'yan sama jannati tsibirin Lanzarote, daga baya kuma har da ramin Ries na Jamus.

Abin da ke damuna shi ne yadda muke ɗaukar wannan ilmi kamar na wasu ne can. Tafkin Bosumtwi da ke kusa da Kumasi a Ghana shi ma dutsen sama ne ya haƙa shi, kimanin shekara miliyan 1 da ta wuce, kuma ya ninka na Arizona faɗi wajen sau tara. A 2004 masana daga ƙasashe daban-daban suka zo suka haƙa ƙarƙashinsa. Jami'o'inmu na Afirka ta Yamma ya kamata su zama na gaba wajen kai ɗalibansu can, tunda mu kuɗin mota kawai zai ci mana.