Rumbun tsimin mutane: wa zai fara kai ɗauki a Garhanga?

Duk wanda ya san ƙasar Adar ya san ruwanta ba ya sallama. Sai a kwana ashirin ana duban gabas babu ko ɗigo, sa'an nan a dare guda hadari ya sauke a bisa duwatsu abin da ya kamata ya raba cikin wata ɗaya. Tudu ba ya riƙe ruwa, saboda haka duka sai ya gangaro cikin koramu, ya tarar da gonaki da gidajen laka a ƙasa. Garhanga, da ke kudu da garin Keita a jahar Tawa, tana cikin wannan hali tare da maƙwabtanta na gundumomin Buza da Madawa: shekara guda fari, wata shekarar ruwa ya yi gyara.

Damanar 2024 ta sake tuna wa mahukunta wannan magana. A faɗin ƙasar Nijar kusan mutum 400 suka rasa rayukansu, fiye da miliyan ɗaya da rabi ambaliya ta shafa, har aka ɗage komawa makaranta zuwa 28 ga Oktoba domin azuzuwa da yawa sun zama masauki. Tambayar da ta rage bayan janyewar ruwan ita ce: a sa'o'in farko, kafin motar hukuma ta iso, wane ne ke da alhakin kai ɗauki, kuma wa ya koya masa aikin?

A wasu ƙasashe amsar ita ce sojan ajiya, watau mutanen da suka sami horon soja, suka koma sana'o'insu na farar hula, amma sunansu yana rubuce, ana kiransu atisaye lokaci-lokaci, kuma ranar da masifa ta auku a tara su. Lokacin da guguwar Katrina ta afka wa kudancin Amurka a 2005, an tara wajen 50,000 na irin waɗannan dakaru. Dabarar ba baƙuwa ba ce ga manomi. Ita ce ta rumbun tsimi, sai dai maimakon damman hatsi, mutane ne ake tanadi.

A Nijar aikin ceto yana hannun masu kaki na dindindin: ƴan kwana-kwana, waɗanda su ma soja ne, da injiniyoyin soja masu gyaran hanya da gada, da jandarma, da dakarun tsaron ƙasa, sai hukumar kare lafiyar farar hula da ke ƙarƙashin ministan cikin gida. Mafi yawansu a manyan garuruwa suke zaune. A karkarar Adar kuwa babu wata ƙungiya ta sojan ajiya da ake kira idan korama ta ɓalle.

Shigar soja cikin aikin agaji ta daɗe a ƙasar nan, har ma ta taɓa sauya mulki. A farin 1973 sojoji ne suka riƙa ganin da idanunsu yadda cimakar taimako take makalewa tsakanin Yamai da ƙauyuka, kuma wannan yana daga cikin dalilan da Laftanar-Kanar Seyni Kunce ya bayar ranar 15 ga Afrilu 1974 da ya kawar da gwamnatin Diori Hamani. Majalisar ƙoli ta soja ta mai da rabon hatsi aikinta na farko: aka buɗe wuraren rabo a cikin ƙasa, motocin soja suka ɗauki buhuna daga ɗakunan ajiyar OPVN, hukumar cimaka da aka kafa a 1970. Ba a musun cewa hatsin ya fi isa ga mabuƙata. Amma rundunar wancan zamani ƙarama ce ƙwarai. Tana iya kai buhu bakin kasuwa, ba ta iya sanin wace bazawara ce a wace unguwa ta kwana uku ba ta ɗora tukunya ba. Wannan ne ya sa gwamnatin Kunce ta farfaɗo da samariya, tsohuwar ƙungiyar matasan gari da sarkin samarinta, ta mai da ita hannun hukuma a kowane ƙauye, wajen gayya, ginin aji, dashen itace da taron rabo.

Shekarar 1984 ta gwada wannan tsari gwaji mai tsanani. Damana ta ƙi, ga shi Najeriya ta rufe iyakarta tun watan Afrilu, ba ta buɗe ba sai 1986, abin da ya sa talakawa suka laƙaba wa yunwar sunan El-Buhari. A wannan shekarar ce aka yi babban taron Maraɗi a kan yaƙi da hamada, kuma a cikinta aka fara aikin raya karkara na Keita, da kuɗin ƙasar Italiya, da jagorancin FAO, da cimakar PAM a matsayin ladan aiki. A nan ne abin lura yake ga mai neman sanin inda ƙarfin ajiyar Adar yake. Mazan yankin, kamar yadda suka saba, sun tafi cin rani Najeriya da Kodibuwa da sauran wurare. Waɗanda suka ɗauki duwatsu a ka, suka jera su a gindin tudu, suka haƙa ramukan tare ruwa a kan fako, suka dasa miliyoyin itatuwa, mafi yawansu mata ne. An tsara su ƙungiya-ƙungiya, kowace da shugabarta da littafin sunaye, ana kiran suna da safe, ana auna aikin da aka yi, ana biya da tiya. In ban da kaki da bindiga, babu abin da ya raba wannan da runduna. Tun 1975 ma an ga irin haka a kwarin Maggiya ta wajen Buza, inda aka jera layukan dogon yaro domin kare gonaki daga iska.

Sai dai duka biyun ba su ɗore ba. Samariya ta jingina da mulki fiye da kima, ta zama ta tarbar manyan baƙi da kiɗa da tafi, saboda haka da aka yi taron ƙasa na 1991 aka shiga siyasar jam'iyyu, sai ta watse. Rundunar matan Keita kuwa da buhun PAM take tafiya. Da aikin ya ƙare, littafin sunaye ya shiga akwati. Madatsun ruwa da jerin duwatsun suna nan, shekarunsu sun kai talatin zuwa arba'in, rairayi yana cike wasu, kuma madatsar da ba a kula da ita, ranar da ta fashe ta fi korama ɓarna.

Daga baya an kafa wasu hanyoyi. Tun 1989 akwai tsarin gargaɗin gaggawa na ƙasa, kuma bayan farar ɗango ta 2004 da ƙarancin cimaka na 2005 an yawaita kwamitocin sa ido a ƙauyuka da ƙananan hukumomi. Aikinsu yana da amfani, amma na kai labari ne da cike takarda. Wanda ya iya ƙirga buhuna ba lalle ba ne ya iya ɗaure igiya ya fito da yaro daga ruwa.

Yau kuma rundunar ƙasa tana da abin da ya sha mata kai a Tilaberi da Difa da arewacin Tawa kanta, inda a watan Maris 2021 aka kashe mutum 137 a yankin Tiliya. A watan Disamba 2025 majalisar ministoci ta amince da dokar gayyar ƙasa baki ɗaya, wadda ta ba hukuma ikon kiran mutane da dukiyoyinsu domin kare ƙasa. Dokar ta yaƙi ce. Amma tun da za a rubuta sunaye, hankali ya nuna a rubuta har da waɗanda za a kira ranar ruwa da gobara da annoba. A ƙauyukan Keita da Buza da Madawa akwai tsofaffin soja da jandarma da suka yi ritaya, sun san oda, sun san ɗaukar mai rauni, sun kuma san kowace korama da sunanta, abin da baƙon soja daga Yamai ba zai sani ba.

Akwai masu tsoron wannan shawara, kuma tsoronsu yana da tushe. Burkina Faso ta ba ƴan sa-kai makamai tun 2020, kuma an sha jin ƙorafin abin da ya biyo baya. A ƙasar da manomi da makiyayi suke gardama a kan burtali kowace kaka, ƙungiyar gari mai bindiga matsala ce sabuwa. Saboda haka ya kamata a raba abu biyu tun farko: wanda aka tanada domin ceto kada ya riƙe makami. Kayansa igiya, shebur, amalanke, fitila, akwatin magani da wayar da ke da caji. Horonsa ya fito daga ƴan kwana-kwana na Tawa, umarnin fitarsa daga shugaban gunduma, kuma a rubuta ladansa na kwanakin da ya bar gonarsa, don aikin kyauta ba ya wuce damana biyu.

Lokacin horo ma abin dubawa ne. In aka kira shi a watan Janairu, rabin mazan da aka rubuta suna Legas ko Abijan. In aka bari sai Yuli, kowa yana noma. Watan Mayu, da ƴan cin rani suke dawowa kafin shuka, shi ne ya dace da maza. Matan kuwa, waɗanda ba su barin gari rani da damana, su ya kamata a fara rubutawa, kuma a ƙauyukan Keita har yanzu akwai tsofaffin shugabannin ƙungiya na zamanin aikin duwatsu da za su iya nuna inda kowace madatsa take da rauni.